Daga Kan Ɗan Dako Zuwa Hawan Kibo: Tambayoyi da Amsoshi Kan Mota, Titi da Tsere

Ni bakanike ne. Ina yaro na shiga gareji a Dilimi, na wanke kayan inji da fetur har hannuwana suka tsage a sanyin Jos, yau kuma ni ke da yaran da nake koya wa. Da sassafe lokacin hunturu, kafin yatsu su saki har mutum ya iya riƙe sufana, mukan taru wurin mai shayi da direbobi da 'yan kamasho da yaran gareji. A wannan zama aka yi mini tambayoyin nan, wasu sau ɗaya, wasu kuwa duk sabon yaro sai ya maimaita. Na daɗe ina bin tarihin sana'ar nan tamu, domin ba na so in tsufa ina kwance inji ban san hannuwan da ya biyo kafin ya iso nawa ba.

Oga, wai wane ne ya fara ƙera mota?

In abin da ke tafiya da kansa ba doki ba jaki ake nufi, wani injiniyan soja na Faransa, Nicolas Cugnot, ya riga kowa. A 1769 ya haɗa amalanke mai ƙafa uku da tukunyar tururi a gaba don jan igwa. Ya yi nauyi, bai fi mai tafiya a ƙasa sauri ba, aka ajiye shi.

Motar da muka gada daga Jamus ta fito. A 1876 Nikolaus Otto ya daidaita inji mai bugu huɗu: ya shaƙi mai da iska, ya matse, ya kunna, ya fitar da hayaƙi. Duk injin motar fetur da ka taɓa kwancewa a garejin nan, bugun nan huɗu yake yi har gobe. Karl Benz ya ɗora irin wannan inji a kan keke mai ƙafa uku a garin Mannheim, ya yi rajistar ƙirarsa ranar 29 ga Janairu, 1886. Silinda ɗaya gare ta, ƙarfinta bai cika na doki guda ba, iyakar gudunta kilomita 16 a awa.

Amma wadda na fi ba yarana labari ita ce matarsa, Bertha. Shekara biyu motar tana zagaye cikin gari, ba mai saye, ana ganin kayan wasa ce. Wata asuba a watan Agusta na 1888 Bertha ta ɗauki 'ya'yanta maza biyu, suka turo motar waje ba tare da sun tashi maigidan ba, suka nufi Pforzheim wurin mahaifiyarta, tafiyar kilomita 106. Gidan mai babu shi a duniya ranar, sai a kantin magani na garin Wiesloch ta sayi wani mai da ake goge tabon tufafi da shi ta zuba. Bututun mai ya toshe, ta zare tsinken hularta ta buɗe shi. Waya ta saɓule, ta naɗe ta da igiyar safarta. Birkin katako ne, da ya cinye sai ta tsaya wurin baduku ya manna masa fata. Duk tudun da suka tarar sai yaran sun sauka sun tura. Da ta dawo ta ce wa mijinta motar tana bukatar ƙarin giya saboda hawa, kuma ya ƙara. Mai, birki, da giyar hawa: abubuwan da matar nan ta yi fama da su a rana ɗaya su ne har yau suke kawo mana mota gareji a garin duwatsu irin namu.

Daga ina sunan Marsandi ya fito?

Sunan yarinya ne. Wani attajiri, Emil Jellinek, da ke sayar da motocin kamfanin Daimler a kudancin Faransa, ya yi odar sabuwar ƙira da sharaɗin a sa mata sunan 'yarsa, Mercedes. Motar ta fito a 1901. Kamfanin Daimler da na Benz suka haɗe a 1926. Bakinmu ne ya mai da sunan Marsandi, kamar yadda ya mai da Peugeot Fijo.

Yaushe mota ta sauko daga hannun attajirai?

Henry Ford na Amurka ne ya karya farashi. Ya fito da Model T a 1908 a kan dala 850. A 1913 ya sauya yadda ake haɗa ta: ma'aikaci ya tsaya wuri ɗaya, motar ce ke zuwa ta wuce gabansa a kan layi, kowa da kusoshin da zai ɗaure. Aikin da ke cin awa 12 da ɗoriya ya koma kimanin awa ɗaya da rabi. Kafin 1925 ta ƙare farashin ya faɗo zuwa dala 260, kuma da aka daina ƙera ta a 1927 an fitar da sama da miliyan 15. Aikin layin yana da gajiyarwa, ma'aikata suka riƙa gudu, sai da Ford ya kai albashi dala 5 a rana a 1914 kafin suka zauna.

Akwai wani ƙaramin abu da ake mantawa. A da sai da handul ake tayar da inji, in ya buga baya ya karya wa mutum hannu. Tsofaffin direbobin lori na Bauchi Road sun san wannan. Charles Kettering ne ya kawo kik na lantarki, Cadillac ta fara sa shi a 1912, daga nan tsoho da mace da marar ƙarfi suka iya tayar da mota.

Kafin mota da titi, da me ake fitar da kuza daga Jos?

Da kan mutane. Wannan amsar ce ta fi sa majalisarmu yin shiru.

Tun kafin Turawa, maƙeran Ririwai suna narka kuza suna fitar da ita sirara kamar tsinke, fatake suna kai ta kasuwanni. Ita ce ma'aikatan kamfanin Turawan Ingila na Neja suka gani suka bi sawunta har Naraguta kusa da Jos a farkon shekarun 1900. Da aka fara haƙa, babu hanyar keke balle ta mota. 'Yan dako ke ɗaukar buhunan kuza a ka, su gangara dutse, su ratsa daji har Loko a bakin Binuwai, tafiyar kimanin mil 200, daga can jirgin ruwa ya kai ta bakin teku. Da za su dawo kuma su ɗauko kayan aiki da abincin Turawa. Ka ɗaga ƙaramin buhun kuza sau ɗaya, ka ji yadda take da nauyi kamar dalma, sannan ka tuna da waɗannan bayin Allah.

Dogo ne ya sauke musu kayan. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, aka ja wani siririn layi daga Zariya, faɗinsa ƙafa biyu da rabi, ya hau tsauni ya iso Jos da Bukuru a 1914. A 1927 babban layi ya shigo ta Kafanchan, kuza ta koma fita ta Fatakwal. Ƙaramin layin ya yi ta lallaɓawa har aka rufe shi a 1957, kuma wanda ya je gidan tarihi na Jos zai ga ragowar kawunan jirginsa. Daga baya aka ja layi daga Kuru ta Bauchi da Gombe, ya isa Maiduguri a 1964.

Hanyoyin mota na farko a nan aikinsu shi ne kai kaya tashar jirgi daga sansanonin haƙa, irin su Barikin Ladi da Bisichi. Yawancinsu da aikin tilas aka share su, ta hannun hakimai da dagatai. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, bayan Ingila ta rasa kuzar Malaya a 1942, aka yi abin da iyayenmu ke kira diban gwamna: aka kwaso dubban mutane daga lardunan Arewa aka zube su a ramukan kuza, ba bargo ba isasshen abinci, sanyi da ciwo suka kashe da yawa. Shi ya sa in na ji ana cewa Turawa sun yi mana hanya, nakan ce a fara duba inda hanyar ta nufa da wanda ya riƙe diga.

Wa ya fara shimfiɗa kwalta?

Kalmar kanta ta ba da rabin amsa. Kalmomin Turanci biyu ne bakinmu ya haɗe, ma'anarsu baƙin danƙon da ke fita in an gasa kwal.

Titi dai ya girmi kwalta nesa ba kusa ba. Rumawa sun fara babbar hanyarsu ta Appia shekara 312 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), da shimfiɗaɗɗen dutse da magudanar ruwa hagu da dama, kuma har yau ana taka wasu sassanta. Amma mutumin da duk mai aikin hanya yake bin bayansa shi ne John McAdam, ɗan Sikotland, wanda aka ba kula da hanyoyin Bristol a 1816. Ya ce ƙasa da kanta za ta ɗauki kowane nauyi matuƙar ba ta jiƙe ba. Don haka a ɗaga hanya sama da gefenta, a yi mata doro a tsakiya ruwa ya gangare, a rufe ta da ƙananan duwatsu masu kaifi da za su cije juna. Ana ba da labarin cewa yakan ce wa leburori duk dutsen da bai shiga bakin mutum ba ya yi girma.

Hanyarsa ta yi wa keken doki daidai. Da mota ta zo, tayar roba mai gudu ta riƙa tsotse ƙurar da ke riƙe duwatsun, hanya ta warware, gari ya turnuƙe. A 1901 wani mai safiyo a Ingila, Edgar Hooley, ya ga inda gangar kwalta ta zube a hanya aka rufe ta da tarkacen masana'antar ƙarfe, wurin ya yi santsi ba ƙura. Ya yi rajistar haɗin a 1902. Wadda ake zubawa yanzu daga ɗanyen man fetur ake samun ta, sunan ne kawai ya zauna.

To me ya sa namu titunan ba sa daɗewa?

Alhaji, ruwa da lodi. Sauran dalilai duk a ƙarƙashin waɗannan biyu suke fakewa.

Kwaltar da kake gani fata ce kawai, kaurinta bai fi 'yan yatsu ba. Ƙarfin yana ƙasa: jar marmara da aka daddaɓe, da niƙaƙƙen dutse a kanta. Aikin fatar shi ne hana ruwa shiga. In ta tsage, ko lambatu ya cika da shara ruwa ya kwanta a gefen titi, marmarar ta jiƙe ta zama taɓo, tirela ta bi ta kai, rami ya buɗe. A Jos ruwa yana zuba daga Afrilu har Oktoba, wani lokaci da ƙanƙara. Kwalbati ɗaya da ta toshe tana iya cinye titin da aka kashe wa miliyoyi cikin damina biyu. Ina jin ciwo in na ga ana bikin buɗe sabon titi, alhali ba a ware ko kwabo na yashe kwata ba, kuma mu da kanmu muke zuba robobi a ciki.

Batun lodi kuwa an gwada shi. Tsakanin 1958 da 1960, a jihar Illinois ta Amurka, aka gina titunan gwaji aka sa manyan motoci suna zagaya su ba hutu. Abin da aka gano shi ne, in ka ninka nauyin da ke kan layin tayoyi ɗaya, ɓarnar da zai yi wa titi tana ƙaruwa kusan sau 16. Ke nan tirela ɗaya da aka yi wa lodin wuce ƙa'ida ta fi dubban ƙananan motoci cin titi. Siminti da mai da hatsi da shanu da a da jirgin ƙasa ke ɗauka, tun da layin Jos ya kwanta duk sun dawo kan kwalta.

Gaskiya ne Hitler ne ya fara tagwayen hanya?

A'a. Italiya ta buɗe hanyar mota zalla daga Milan zuwa Varese a 1924, kuma a Jamus ɗin ma magajin garin Cologne, Konrad Adenauer, ya buɗe ta Cologne zuwa Bonn a 1932, kafin Hitler ya hau mulki. Shi dai ya faɗaɗa aikin ya yi farfaganda da shi. Amurka ta kafa dokar manyan hanyoyinta a 1956. Tamu ta farko ita ce Legas zuwa Ibadan, 1978. Babbar hanyar da ta ratsa Jos ita ce A3: ta taso daga Fatakwal, ta bi Inugu, Makurɗi, Lafiya, Akwanga, ta hau nan, ta wuce Bauchi da Potiskum zuwa Maiduguri.

Baba ya ce a da ta hagu ake tuƙi. Yaushe aka sauya?

Baba ya yi gaskiya. Ranar 2 ga Afrilu, 1972, zamanin Janar Yakubu Gowon, Najeriya ta bar hannun hagu da ta gada daga Ingila ta koma dama. Dalilin a fili yake: Nijar, Chadi, Kamaru da Dahomey (Benin ta yanzu) duk ta dama suke bi, direban da ya tsallaka iyaka sai ya juya kansa. Saliyo ta riga mu a 1971, Ghana ta biyo a 1974.

Abin da ya rage mana daga wannan shi ne motocin da ake shigowa da su masu sitiyari a dama, a juya musu shi a gareji. Ni ba na karɓar wannan aiki. Yanka ƙarfen sitiyari a yi masa walda, a ja bututun birki zuwa ɗaya gefen, ba abin da za a ɗora rayukan fasinjoji a kai ba ne.

Me ya sa dattawa ba sa gajiya da yabon Fijo 504?

Saboda ta dace da ƙasar. Ta fito a Faransa a 1968. Tayoyin baya ke turawa, cikinta a ɗage yake daga ƙasa, ƙafafunta suna da dogon numfashi, ta faɗa rami ta fito ba ta girgiza mai barci ba. Injinta a buɗe yake, hannu yana kai wa ko'ina. Da sufana 'yan ƙalilan da sukudireba za ka tashe ta a tsakiyar dajin Saminaka. Wagon ɗinta mai layin kujeru uku ita ta riƙe hayar Jos zuwa Kano da Kaduna shekara da shekaru, kamar yadda J5 ta riƙe tumatir da kabeji na Farin Gada.

Kuma tamu ce ta wani ɓangare. An kafa kamfanin Peugeot na Kaduna a 1972, ya fara haɗa motoci a Kakuri a 1975. Da tashar Legas ta cunkushe, ta jirgin sama ake kwaso sassan daga Lyon zuwa Kano. A wancan zamani Volkswagen tana haɗawa a Legas, Steyr nan kusa da mu a Bauchi, Fiat a Kano, Leyland a Ibadan, manyan motocin Marsandi a Inugu. Gwamnati kanta 504 take hawa. Turai ta daina ƙera ta a 1983, Kaduna ta ci gaba har tsakiyar shekarun 2000.

Abin da ya karya masana'antun shi ne yawancin sassan daga waje suke zuwa. Da darajar naira ta faɗi bayan tsarin tsuke bakin aljihu na SAP na 1986, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, 'yan Kwatano da Beljiyom suka cika gari. Mun koyi ɗaure kusoshi, ba mu kai ga narka ƙarfen da zuba injin ba, kuma wannan kuskure ne da bai kamata masu haɗa motoci na yanzu, irin su Innoson na Nnewi, a bar su su maimaita shi su kaɗai ba.

Yaushe aka fara tseren mota?

Ranar 22 ga Yuli, 1894, wata jaridar Faransa ta shirya gasa daga Faris zuwa Rouen, kilomita 126. Wanda ya fara isa, De Dion, da motar tururi ya zo, yana yin kimanin kilomita 19 a awa. Aka hana shi kyautar farko saboda motarsa sai da mai zuba mata gawayi, aka raba ta tsakanin Peugeot da Panhard. Tun ranar farko ke nan, abin da ake nema shi ne motar da mutum zai iya amfani da ita.

Shekara ta gaba aka yi Faris zuwa Bordeaux da dawowa, kilomita 1,178. Émile Levassor ya tuƙa kusan shi kaɗai, awa 48 da minti 48. A 1903 aka shirya Faris zuwa Madrid a kan hanyar da jama'a ke tsaye gefe da gefe. Mutane suka mutu, har da Marcel Renault, ɗaya daga cikin masu kamfanin Renault, gwamnati ta tsayar da tseren a Bordeaux. Daga nan aka fara komawa fili killatacce: Brooklands a Ingila 1907, tseren Indianapolis a Amurka 1911, tseren awa 24 na Le Mans a Faransa 1923. Gasar duniya ta Formula 1 ta fara ranar 13 ga Mayu, 1950 a Silverstone ta Ingila, Giuseppe Farina ya ci da Alfa Romeo. Michael Schumacher da Lewis Hamilton, baƙar fata na farko a gasar, kowannensu ya ɗauki kambin sau bakwai.

Me tsere ya tsinana wa mai motar haya?

Fiye da yadda kake zato. 'Yan'uwan nan Michelin a tseren Bordeaux na 1895 suka fara gwada tayar iska a mota, suka yi ta faci a hanya, amma suka nuna tana yiwuwa. Ray Harroun, wanda ya ci Indianapolis na farko, ya ƙi ɗaukar mai duba masa baya, ya kafa madubi a gabansa. Birkin faranti, wanda muke kira dis, Jaguar ce ta tabbatar da shi da ta ci Le Mans a 1953.

Babban darasin kuwa da jini aka saye shi. A Le Mans na 1955 wata Marsandi ta tashi sama ta faɗa cikin 'yan kallo, sama da mutum 80 suka mutu. A 1966 direban Formula 1 Jackie Stewart ya yi hatsari ya maƙale cikin motarsa fetur yana zuba a jikinsa kusan rabin awa, ba likita kusa, ya fito ya shafe shekaru yana faɗa a sa shinge da bel da motar asibiti, ana kiransa matsoraci. Bayan mutuwar zakaran tsere Ayrton Senna a filin Imola na Italiya ranar 1 ga Mayu, 1994 aka sake ƙirar motoci da filaye. A 2020 a Bahrain motar Romain Grosjean ta rabe biyu ta kama da wuta, ya fito da ƙafarsa da ƙuna a hannu.

Saboda haka in yaro ya ce mini wasan mota da ake yi ranar ɗaurin aure tsere ne, nakan ce masa a'a, ɗana. Mai tsere yana da hular kwano, da bel, da shinge tsakaninsa da jama'a. Mai juya mota a tsakiyar unguwa ba abin da ke tsakaninsa da 'ya'yan mutane.

An taɓa yin irin wannan tsere a Afirka?

Sosai. Tseren Safari na Gabashin Afirka ya fara a 1953, kuma a nan Fijo ta yi suna: 404 ta ci sau huɗu a shekarun 1960, 504 ta ci a 1975. Joginder Singh na Kenya ya ci a 1965 da tsohuwar Volvo da shi da ɗan'uwansa suka gyara da hannunsu, labarin da duk bakanike ya kamata ya sani. A tseren Bandama na Kwaddibuwa a 1972 ko mota ɗaya ba ta kai ƙarshe ba.

Mota ta fara ratsa Sahara tsakanin Disamba 1922 da Janairu 1923, ayarin Citroën masu ƙafar katafila a baya, daga Touggourt ta Aljeriya zuwa Tambutu. A 1974 wata gasa daga Landan zuwa Munich ta gangaro hamada har Kano kafin ta juya. Sai Faris zuwa Dakar, wanda Thierry Sabine ya ƙirƙiro bayan ya ɓace a hamada a kan babur: motoci da babura 182 suka tashi ranar 26 ga Disamba, 1978, suka bi Tamanrasset da Agadas da Yamai, 74 suka isa. Ba na faɗin wannan ba tare da tuna yaran ƙauyuka da motocin gasar suka kaɗe a shekarun da aka yi ana yi ba. An soke na 2008 saboda tsaro, aka kai shi Kudancin Amurka, tun 2020 kuma a Saudiyya ake yi. Formula 1 rabonta da Afirka tun 1993 a Kyalami ta Afirka ta Kudu. A gida, wanda aka fi sani shi ne tseren motoci da ake haɗawa da bikin kamun kifi na Argungu.

Oga, me ke cinye motoci a Hawan Kibo?

Zafi. Jos tana kan tudu mai tsawon kimanin mita 1,200, kuma in ka wuce Riyom za ka sauke babban rabon wannan tsawo cikin tafiya kaɗan, da kwana a ciki. Birki ba ya yin komai sai mai da gudu zafi. In ka ɗora ƙafa a kansa tun daga sama, fad ya ƙone ya yi santsi, man birki ya tafasa ya zama kumfa, ka taka ka ji feda ta tafi ƙasa ba komai. A tirela mai birkin iska, yawan tatattakawa yana zubar da iskar fiye da yadda inji ke mayarwa. Mafi muni shi ne direban da ya sa mota a firi don ya rage shan mai: ya cire injin da zai riƙe masa motar, ya bar wa birki aikin duka.

Na je jawo motoci daga ƙasan hawan nan ba sau ɗaya ba, kuma akwai abin da na gani da ba zan rubuta ba. Ƙa'idar tsofaffin direbobi ita ce: giyar da za ka hau da ita, da ita za ka sauka. A canza man birki duk shekara biyu, domin yana shan danshi, kuma wallahi ruwan sabulu ba man birki ba ne. A duba shekarun taya: akwai lambobi huɗu a gefenta, in ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na 2019, ko da zanenta bai cinye ba roba tana tsufa.

Sai bel. Injiniyan Volvo, Nils Bohlin, ya fito da mai ratsa ƙirji da ƙugu a 1959, kamfanin ya bar kowa ya kwaikwaya kyauta. An kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra a 1988, Farfesa Wole Soyinka ne shugabanta na farko. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan miliyan 1.19 ke mutuwa a hanya duk shekara. Ajali na Allah ne, ba mai musu, amma wanda ya ce a dogara gare Shi shi ya ce a ɗaure raƙumi. Ka ɗaura bel tun daga tasha, ba sai ka hango jami'ai ba.

Motar lantarki sabon abu ce?

Ta girmi kakanka. Motar da ta fara wuce kilomita 100 a awa ta batir ce, Camille Jenatzy ɗan Beljiyom ya tuƙa ta a 1899. Wajen 1900 kusan kashi ɗaya cikin uku na motocin Amurka na lantarki ne. Arhar fetur da Model T da kik suka kore ta, sai da batir mai sauƙin nauyi ya samu ta dawo.

Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, masu tambayata batun gas da lantarki sun ƙaru, kuma motoci masu haɗa fetur da batir, irin Prius da Toyota ta fara a 1997, sun fara shigowa garejinmu. Ga yarana da duk wani bakanike: batirin da kuka saba da shi bolt 12 ne, na waɗannan ya haura 200. Duk wayar da kuka gani mai launin ruwan goro a cikinsu, kada hannu ko sufana ya taɓa ta sai an cire makullin batirin na baya, an jira, an auna da mita.